Sunansa Barsu

Ranar wata Asabar da hantsi na shiga Kasuwar Kure ta Minna sayen doya. Rana ta fara ɗaga kai, masu baro suna ta kiran a ba su hanya, ƙanshin tattasai da na busasshen kifi sun cika layi. A wajen masu doya wata dattijuwa ta kasa kayanta kashi-kashi. Wasu 'yan mata biyu suka taya, suka raina, suka wuce suna guna-guni. Ɗiyar dattijuwar ta yunƙura za ta mayar musu da magana, sai uwar ta dafa hannunta ta ce, "Bar su." Ba da ni take ba, ba ta ma san ina tsaye ba. Amma sai na ji ƙafata ta tsaya cak, na waiga ina duban ƙasa, daidai tsayin gwiwa, inda ake duban kare idan an kira shi. Fiye da shekara talatin rabona da jin wannan kira a tsakar gidanmu, ga shi jikina bai manta ba.

Barsu sunan karen gidanmu ne.

Kasuwar da nake tsaye a cikinta ta ci sunan Injiniya Abdulƙadir Abdullahi Kure, wanda ya yi gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007, ya rasu a watan Janairun 2017. Sunan mutum ne, kuma don girmama shi aka sa. Sai dai kunnen Bahaushe yana da nasa ji: da an ce kure, namijin kura yake tunawa. A garin nan kuma akwai unguwar Dutsen Kura, ta Hausa da ta Gwari. Tsakanin kure da kare wasali ɗaya ne tak, amma tsakanin dabbobin biyu akwai gaba mai tsawon tarihi, har ana cewa kare ka mutu da haushin kura. Kura da ke satar akuya ta samu dutse da sunanta a garinmu. Karen da ke kwana a waje don tsare akuyar, ban taɓa jin unguwa ko lungun da aka ba shi ba. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a rai: yadda harshenmu ya yi da kare, da yadda gidanmu ya yi da shi.

Kakanmu na wajen uba daga ƙasar Zazzau ya zo Minna, ya biyo layin dogo kamar Hausawa da yawa, bayan da hanyar jirgi ta Baro zuwa Kano ta ratsa garin, aka kammala ta a 1911, Minna ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. Mu mun taso garin ya riga ya zama babban birnin Jihar Neja, wadda aka kafa a 1976. Baba yana sayar da doya da hatsi a tsohuwar kasuwa, tun kafin a san za a yi wata Kasuwar Kure. Yana da aboki Bagbagyi, manomi a wajejen Paiko, wanda yake sarar doya a wurinsa duk kaka. Wata shekara ɓarayi suka haura mana katanga sau biyu, suka tafi da awaki uku. Da abokin ya ji labari, bai ce komai ba. Zuwan Baba na gaba sai ya ɗora masa wani ɗan kwando a kan lodin doya. A ciki akwai kwikwiyo ja, mai farin ƙirji, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yana rawar ɗari. Ina da shekara bakwai. Ni na fara sa hannu na ɗauko shi, na ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna kamar ta ɗan tsako.

Kwana bai yi uku ba magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce Malam ya kawo ƙazanta gida. Wasu suka ce mala'iku sun yi ƙaura daga gidanmu. Wata maƙwabciya ta daina aiko 'yarta ɗibar wuta. Inna ta shiga damuwa, ta sami Baba ta ce, "Malam, ko dai a mayar da shi? Bakin mutane ya yi yawa." Kafin ya amsa, Kaka da ke zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Bar su." Ta sake cewa, "Bar su, su yi ta faɗa. Da aka kwashe awakin, wa ya fito?" Kwikwiyon da ke kwance kusa da turmi ya ɗaga kunnen nan nasa ɗaya, ya taso ya nufo ta. Muka kwashe da dariya. Suna ya kama.

Daga baya na fahimci abin da Kaka ta yi. Bahaushe gwani ne wajen ɗora magana a kan suna. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa takan sa wa jariri Barau ko Ajuji, tana roƙon a bar mata shi. Kaka ta ɗora amsarta a wuyan kare. Duk magariba sai ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya, "Barsu! Barsu!" Kare ya sheƙo da gudu, unguwa kuma ta ji saƙo, babu wanda zai ce an zage shi. Mu yara kira kawai muke ji. Manya nasiha suke ji, kullum sau ɗaya, har ta zauna mana a jiki. Har yau idan wani ya tsokane ni, kafin in buɗe baki sai in ji muryar tsohuwar nan.

Maƙwabtanmu ba su ƙirƙiri ƙyamar ba, a cikin harshe suka tarar da ita. Duba inda Hausa ta ajiye kare. Idan aka ci mutuncin mutum iyaka, sai a ce an gaya masa maganar da kare ba zai ci ba. Wanda ke zaune a wurin da ba shi da aikin yi ko amfani, zaman kare a karofi yake. Yaron da ke rataye a bayan babbar mota yana loda kaya, karen mota ne. Wanda mai mulki ke turawa ya muzanta abokan hamayya, karen farauta ne. Azzalumin da ba mai tsawata masa yana cin karensa ba babbaka. Faɗan da ya ƙi ƙarewa, kare jini biri jini. Zagin da ya fi saurin tayar da faɗa tsakanin yara shi ne a ce wa mutum ɗan kare. Da ƙyar ake samun inda aka yaba masa, kamar karen bana shi ke maganin zomon bana, shi ma don ana buƙatar gudunsa ne. Mafarauta da ke fita daji da rani sun san darajar karnukansu, makiyaya ma haka. Amma Hausar cikin gari, ta zaure da ta kasuwa, ta mayar da sunan kare sandar dukan mutum.

Akwai kalma ɗaya da na fi tsayawa a kanta, wato haushi. Kare yana haushi, mutum yana jin haushi. A rubuce, kalma ɗaya ce ta ɗauki kukan dabbar da ɓacin ran ɗan Adam, kamar dai duk lokacin da kare ya buɗe baki fushi ne ke fitowa. Wanda ya zauna da kare ya san abin ya wuce nan. Barsu yana da murya kala-kala, kuma duk gidanmu mun iya fassara ta. Akwai gajeren haushi sau biyu, na baƙon da ya yi sallama. Akwai mai zurfi daga ƙirji, na wanda ya tsaya a bayan katanga da dare, shi ne ke tayar da Baba da tocila a hannu. Akwai wani siriri haɗe da kaɗa wutsiya, wanda yake yi tun keken Baba yana can bakin titi, kafin kowa ya ji ƙarar sarƙarsa. Da Inna ta ji wannan sai ta ce, "Ku shimfiɗa tabarma, babanku ya iso." Wannan na ƙarshe murna ce zalla, amma Hausa ba ta ba mu wata kalma ba, dole muka ci gaba da kiransa haushi.

Baba mutum ne mai tsoron Allah, maganar mala'iku ta taɓa shi. Ya tafi wurin malaminsa na zaure, inda yake ɗaukar karatun Risala bayan ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Da ya dawo ya tara mu ya faɗa mana abin da ya jiyo. Hadisi ya hana ajiye kare haka kawai, amma ya yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona, mu kuma muna da awaki da rumbun doya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk abu mai rai mai tsarki ne, har da kare. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne na ibada. Malamin ya kuma ba shi labarin da ake kawowa a littattafan sharhi game da mai Risalar kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya: katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da ya ajiye abin da ya fi kare ƙarfi.

Daga ranar aka kafa doka. Barsu ba ya shiga ɗaki. Ba ya taka tabarmar sallah. Wurin kwanansa yana bayan zaure, kusa da garken awaki. Kwanon cinsa wani fasasshen kasko ne da Inna ta daina toya waina a ciki. Abincinsa ƙanzon tuwo da ragowar miya, ranar Juma'a kuma ƙashi daga wurin mahauta. Ni aka ɗora wa aikin kai masa. Nakan kankare gindin tukunya da cokali, in zuba ruwan ɗumi, in ɗauka da hannu biyu, yana biye da ni yana taka rawa, amma ba zai sa baki ba sai na ajiye na ja da baya. Sau ɗaya tak ya karya doka, yana ƙarami, ya lashi kwanon shan ruwanmu. Inna ba ta doke shi ba. Ta zaunar da ni a bakin rijiya ta ce in ƙirga da ƙarfi, tana wankewa tana zubarwa, ɗaya, biyu, har bakwai. Shi kuma yana can nesa ya kwantar da kai a kan ƙafafunsa yana kallonmu. A wurin na koyi cewa ana iya ƙaunar abu a kuma ja masa iyaka, kuma iyakar ba ta rage ƙaunar da komai.

Da na shiga makarantar boko na ci karo da wani abin mamaki. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, saboda haka haruffa huɗu, k da a da r da e, suna ɗaukar kalma biyu. Akwai kare dabba, mai gajeren wasalin farko. Akwai kare na kariya, mai dogon wasali, kamar a ce Allah ya kare mu. Idan kuma aka sa wa harafin farko lanƙwasa, sai ya koma ƙare, wato abu ya zo ƙarshe. Ta mace ma haka: karya dabba ce, karya kuma aikin da ake yi wa itace, da lanƙwasa ta zama ƙarya. Malaminmu na Hausa ya ce kalmomi ne daban-daban, kamannin rubutu ne kawai ya haɗa su, kuma gaskiyarsa. Amma ni a allo na rubuta "kare ya kare gida", na zauna ina kallon jimlar. Sunansa da aikinsa sun fito da kamanni ɗaya. Abin da bakin mutane ya ƙi faɗa game da shi, alƙalami ya faɗa.

Kullum da asuba Barsu yana raka Baba masallaci. Akwai wata bishiyar mangwaro kafin a kai harabar, a nan yake tsayawa. Ba wanda ya koya masa da sanda. Sau ɗaya Baba ya ce masa "tsaya nan", shi ke nan, shekara goma sha ɗaya bai wuce gindin mangwaron ba. Ko ana ruwan sama irin na Minna, wanda ke sauka kamar da bakin ƙwarya, yana nan a takure har a sallame. Mutanen da suka yi ta magana da farko su ne suka dawo suna cewa, "Malam, ɗan rakiyarka na jiranka." Maƙwabciyar da ta hana 'yarta zuwa ɗibar wuta ita ce ta fara aiko da ƙashin layya a takarda. Tun zuwansa ba a sake haura katanga a layinmu ba, kariyarsa ta game har gidajen da suka ƙi shi.

Shekarar da Kaka ta kwanta ciwon ajali, da zafin bazara ne, lokacin da garin ke yin kamar an rufe shi da murfi. Barsu ya bar wurinsa na bayan zaure ya dawo bakin ƙofar ɗakinta. Bai shiga ba. Ya kwanta daga waje, ya miƙe ƙafafunsa na gaba har suna taɓa dokin ƙofa. Aka kore shi ya dawo, aka sake kora ya dawo, har Baba ya ce a ƙyale shi. Kaskonsa ya kwana biyu da abinci bai taɓa ba. Ranar Juma'a Baba yana karanta Suratul Kahfi a tsakar gida, ya iso inda aka ambaci karen samarin nan da suka fake a kogo, yadda ya kwanta a bakin ƙofa ya shimfiɗa ƙafafunsa. Sai ya yi shiru, ya ɗaga ido ya dubi ƙofar Kaka. Bai ce komai ba, ya ci gaba da karatu, amma muryarsa ta canja. Kaka ta rasu daren Lahadi. Bayan kwana bakwai Inna ce ta ɗauki kiran magariba, ta tsaya inda tsohuwar ke tsayawa ta ce "Barsu", muryarta na rawa.

Shi ma tsufa ya zo masa. Gashin bakinsa ya yi fari, idonsa ɗaya ya yi hazo, ya koma bin Baba a hankali, wani lokaci sai Baba ya tsaya ya jira shi. Wata safiya cikin hunturu, ina ajin ƙarshe na sakandare, na kai masa ƙanzo na tarar bai taso ba. Yana kwance a gefensa kusa da awaki, ƙura ta ɗan rufe masa gashi, jikinsa ya yi sanyi. Na ajiye kaskon na ruga tsakar gida na ce, "Inna, Barsu ya rasu!"

Yayana da ke alwala ya ɗago ya ce, "Kai, ba a cewa kare ya rasu. Mutuwa ya yi."

Gaskiya ya faɗa, haka Hausa take. Rasuwa ta mutane ce, mutuwa ta kowane mai rai. Mutum idan ya cika gawa ne, ko mamaci, ko marigayi. Dabbar da ta mutu ba yanka mushe ce. Mutum ana yi masa wanka da sallah da zaman makoki, a zo a ce Allah ya ji ƙansa, a ce ya haƙuri. Kare kuwa a unguwarmu igiya ake ɗaura masa a ƙafa, yara su ja shi zuwa juji. Ban ga laifin wannan bambanci ba, domin harshe ya yi shi ne don ya tsare martabar ɗan Adam, wanda Allah ya karrama. Abin da ya dame ni a safiyar nan shi ne ga wani nauyi a ƙirjina, kuma duk cikin Hausar da na iya babu kalmar da aka yarda in ɗora shi a kai. Babu wanda zai zo mana gaisuwa. In na yi kuka a waje dariya za a yi mini.

Baba bai bari an kawo igiya ba. Ya ɗauki diga da shebur, ya ce in biyo shi bayan gida, gindin wata bishiyar dalbejiya. Ƙasar hunturu ta yi tauri, muka yi ta sara har gumi ya karyo mana duk da sanyin. Ya naɗe shi a tsohon buhun hatsi, ya sa shi a ramin da hannunsa, muka mayar da ƙasa, ya ɗora dutse don kada wani abu ya tone. Bai yi wata addu'a ba, bai mayar da abin jana'iza ba. Ya dai tsaya jim, ya ce, "Ya riƙe amana." Da muka dawo na tarar da Inna ta wanke kaskon ta kife shi a kan katanga. Ta dubi idona, ta dubi yayana, ta ce, "Ku duka kun yi daidai. Shi ya mutu, mu muka yi rashi."

Sai da na girma na gane zurfin abin da ta faɗa, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Kalmar rasu daga rasa ta fito. Idan aka ce wane ya rasu, ainihin abin da ake faɗa shi ne an rasa shi, an neme shi a wurinsa ba a same shi ba. Mutuwa labarin wanda ya tafi ne, rasuwa labarin waɗanda aka bari. Shi ya sa Bahaushe ke cewa an yi mana rashi. Inna ta bar wa mutane kalmarsu ta girmamawa, ba ta taɓa ta ba, sannan ta koma tushen kalmar ta ɗebo mana abin da ya halatta gare mu. Gurbin da ke bayan zaure gurbi ne na gaske. Gindin mangwaron da Baba ya riƙa waiwaya da asuba har tsawon watanni, shi ma haka.

Addinin da aka kafa hujja da shi wajen ƙyamar kare shi ne ya kawo mana labarin mutumin da ya ga kare yana lallagen ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mun riƙe hukuncin wanke ƙwarya, kuma daidai ne mu riƙe. Ina fata mu riƙe wannan labari da irin ƙarfin nan, mu koya wa yaranmu shi kafin hannunsu ya saba da ɗaukar dutse duk lokacin da suka hangi kare a lungu. Yaron da aka koya wa cewa akwai mai ran da ya halatta a wulaƙanta don sunansa kawai, wata rana zai sa wa mutum wannan sunan.

Dattijuwar mai doya ta ga na daɗe a tsaye, ta ce, "Ɗana, ka ga wadda ta yi maka?" Na zaɓi kashi ɗaya, na biya yadda ta faɗa, na ce, "Allah ya ba da kasuwa, Mama." Da daddare bayan an ci sakwara, na tara 'ya'yana na ba su labarin jan kwikwiyon da ya zo a kwando daga wajejen Paiko, da tsohuwar da ta raɗa masa suna tana ɓarar gyaɗa. Ƙaramarsu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, to yanzu yana ina? Ya rasu?" Yayanta ya buɗe baki zai gyara mata. Na dafa hannunsa na ce ya bar ta, sannan na faɗa musu abin da Inna ta faɗa mana.